Yadda ake tsaron jarabawar bai-ɗaya a firamare ba tare da an cuci yaro ba

Wannan bayanin na hedimastoci ne da malaman da ake turawa tsaron jarabawa, musamman mu na nan Kaduna, ko kwaman entirans ce ta NECO wadda 'yan aji shida ke yi don shiga makarantun tarayya irin FGC da ke Malali da FGGC Zariya, ko ta jiha ce, ko kuma irin gwajin da SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, kan aiko a yi wa yara a duk ƙananan hukumomi 23 rana ɗaya. Abin da ya raba irin wannan jarabawar da ta ƙarshen zango da kake yi wa ajinka shi ne, ita wannan za a ɗauki makin yaron Rigasa a ajiye kusa da na yaron Kafanchan da na Birnin Gwari a ce wane ya fi wane. To in kai ka ƙara wa naka minti goma, wancan malamin bai ƙara ba, kai ka fassara tambaya da Hausa, shi bai fassara ba, ai lissafin ya riga ya ɓaci tun kafin a fara makin. Kamar mudu ne a Kasuwar Bacci, in na wani ya lotse na wani kuma an buɗa masa baki, ba ka isa ka ce wane ya fi wane hatsi ba. Don haka aikinka ranar nan ba koyarwa ba ne, aikinka ka yi daidai abin da kowane mai tsaro ke yi a ɗaya ajin, ba ƙari ba ragi.

Tun kafin ranar

Abu na farko, nemi takardar ƙa'idojin da hukumar da ta shirya jarabawar ta aiko, ka karanta ta da kanka, kar ka tsaya ga abin da wani ya ce maka a sitaf rum. Duk abin da na faɗa a nan in ya saɓa da waccan takardar, to ita za ka bi. Kowace hukuma da nata tsarin, kuma suna canza abubuwa daga shekara zuwa shekara.

Hedimasta ya tara masu tsaro ko da kwana biyu ne kafin ranar, a raba aiki. Waye sufabaiza, waye zai tsaya a wane aji, waye zai raka yara banɗaki, wa ke riƙe da agogo. Kuma dan Allah kar a sa malami ya tsare ajin da yake koyarwa, balle ajin da ɗansa ko ɗan ƙanwarsa yake ciki. Ba wai ana zarginsa ba ne, amma mutumin da ya shekara yana fama da yaro kan lissafin kaso, ya zo ya ga yaron ya zaɓi amsar banza, wallahi fuskarsa kaɗai ta isa ta gaya wa yaron ya yi kuskure, ko bai buɗe baki ba. Ni a ganina mai tsaro ɗaya kar ya wuce yara talatin, kuma kowane ɗaki a samu mutum biyu, in da hali mace da namiji, saboda binciken 'yan mata da rakiyarsu.

Sai ɗakin kansa. A goge allo tas. A sauke duk wani abu da ke manne a bango mai iya zama amsa, jadawalin sau, taswirar Najeriya, jerin jihohi da manyan biranensu, hoton sassan jikin mutum, in ba ya cirewa a rufe shi da takarda. A duba saman benci ma, don yara na rubuta abubuwa a kai tun farkon zango. Maganar tazara kuma ita ce babbar matsalarmu, kowa ya san yadda ajujuwa suke cika a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, yara huɗu biyar a benci ɗaya wasu a ƙasa. Ranar jarabawa wannan ba zai yiwu ba. A sallami ƙananan ajujuwa ko a ba su hutun ranar, a kwashe bencinansu, a baza masu jarabawa a ɗakuna da yawa yadda tsakanin yaro da yaro zai kai kamar mita ɗaya, kowa ya fuskanci gaba, a bar hanya a tsakiya da mai tsaro zai bi ba sai ya tsallake ƙafar kowa ba. A rubuta lambar kowane yaro da alli a inda zai zauna, bi da bi yadda lambobin suke a rajista, wannan kaɗai zai rage maka rabin wahalar tattara takardu daga baya. In lokacin damina ne a duba ɗakin da ke yoyo a kauce masa, in kuma hunturu ne a lura da tagogin da ba su da marufi don iska na kwashe takardu.

Akwai abin da ake yawan mantawa da shi kuma shi ya fi kayar da yaranmu, wato takardar amsa irin wadda na'ura ke makin. Yaro ya shekara shida yana rubuta amsa a littafi da biro, rana ɗaya a miƙa masa takarda mai ƙananan gidaje a ce ya cike da fensir. Na'urar nan ba ta san yaro na da ƙoƙari ba, duhun fensir kawai take gani. In ya yi alamar daidai maimakon ya cike gidan, ko ya cike gida biyu a layi ɗaya, ko ya goge bai gogu ba, yana iya rasa makin wannan tambayar, in kuma ya tsallake tambaya ta 7 a takardar tambaya amma bai tsallake layi na 7 a takardar amsa ba, to daga nan har ƙasa duk amsoshinsa sun zame. Koya wa yara wannan tun da sauran makonni halal ne, ba magudi ba ne. A yi hoton takardar gwaji a ba su su yi ta yi, su koyi rubuta lambarsu da cike ta, su saba da fensir HB. A gaya wa iyaye kowane yaro ya zo da fensir biyu a fiƙe da abin gogewa mai kyau, ba irin wanda ke baƙanta takarda ba, kuma ya karya kumallo. Makaranta ma ta ajiye nata fensira na ko-ta-kwana, don sai ka samu yaro goma sun zo hannu rabbana.

Takardun tambaya

In an karɓo su daga inda hukuma ta ajiye, a ƙirga ambulan ɗin a gaban wanda ya bayar, a duba ba a taɓa hatimin ba, a sa hannu a rubuta lokaci. Daga nan sai cikin kabad mai makulli, makullin a hannun mutum ɗaya. Ba a buɗewa a ofis don "a duba ko sun cika". Ba a ɗaukar hotonsu. Ba a turawa a WhatsApp ko da bayan an fara ne, don wata cibiyar ƙila ba su fara ba, mota ta maƙale da takardunsu a hanya. In takardun daga nesa za ka ɗauko su, ka yi sammako, wanda ya san go-sulon cikin gari da safe ba sai an gaya masa ba.

Safiyar ranar

Masu tsaro su riga yara zuwa, aƙalla da awa ɗaya. Yara su yi layi a waje, a kira su da lamba, a duba katin hoton kowa a haɗa da fuskarsa da sunan da ke rajista. Kar ka ce ai yaran firamare ne wa zai yi musu sojan gona, ana yi, ana kawo ɗan JSS mai ƙaramin jiki ya zauna wa ƙaninsa. Jaka da littattafai da duk wata takarda a bar su a waje ko a gaban aji. Bincike a yi shi da mutunci, Malama ta duba mata, Malam ya duba maza, ba tsawa ba zagi, kuma ba sai an sa yarinya ta cire hijabi a gaban jama'a ba, in akwai dalili a ja ta gefe mace ta duba. Ka tuna yara ne 'yan shekara goma sha ɗaya sha biyu, wasu ranar ce ta farko da suka shiga wata makaranta ba tasu ba, in ka firgita su a bakin ƙofa sai sun yi rabin awa hannunsu na rawa. A ce kowa ya je ya yi fitsari kafin a shiga.

Wayarka kai ma ka kashe ta ka ajiye wajen sufabaiza. Agogon bango ko na hannu za a yi aiki da shi, kuma duk ɗakunan su daidaita agogonsu da na sufabaiza.

In kowa ya zauna, ɗaga ambulan ɗin sama yara su ga a rufe yake, wasu hukumomin ma suna so yaro ɗaya ko biyu su shaida, sannan ka buɗe a gabansu. Fara raba takardar amsa, a cike suna da lamba tare, kai da abokin aikinka ku bi layi layi ku duba kowane yaro ya cike lambarsa daidai. Wannan lokacin ba ya cikin lokacin jarabawa, don haka kar ka yi gaggawa, nan ne kaɗai wurin da aka yarda ka sa yatsa a takardar yaro ka ce gyara nan. Lamba ɗaya in ta kauce, sakamakon yaro ya tafi wajen wani ko ya ɓace gaba ɗaya, kuma kai iyayen za su zo nema. Bayan nan a raba takardar tambaya a kife, a ce kowa ya ƙirga shafukansa ya ga ba wanda ya fita fari ko ya ɓace.

Karanta umarni yadda aka rubuta shi, kalma da kalma, da murya mai ƙarfi, ba tare da ka ƙara naka ba. Sai ka ce a fara, ka rubuta a allo lokacin farawa da lokacin gamawa da manyan lambobi, misali an fara 10:05 za a gama 11:05, ya danganta da abin da aka rubuta a saman takardar. In an makara da farawa ba a rage wa yara lokaci, daga sanda aka fara ake ƙirgawa.

"Malam ban gane ba"

Nan ne ake yin ta. Ba a jima da farawa ba za ka ga hannu a sama, "Malam, ban gane lamba tara ba", ko "Anti, mene ne ma'anar wannan kalmar?" Kuma yaron zai kalle ka da idon nan da ka san in ka ce masa kalma ɗaya tak zai gano. Mafi yawan magudin da ake yi a firamare ba na kuɗi ba ne, na tausayi ne. Malami ya ce bari in ɗan fassara masa kawai, ai ba amsa na ba shi ba. To amma in jarabawar Turanci ce, gane kalmar shi ne abin da ake gwadawa, ka fassara ka ba da amsa ke nan. Sannan a Kaduna muke, a ɗaki ɗaya akwai Bahaushe akwai Bagwari akwai ɗan Bajju da Atyap da Bafulatani da Bayarabe, in ka fassara da Hausa ka ɗaga wasu ka bar wasu. Amsar da za ka bayar guda ɗaya ce ga kowa: "Sake karantawa a hankali, ka zaɓi wadda ka ga ta fi, in ta gagara wuce gaba ka dawo." Ka faɗe ta da fara'a, amma kar ka ƙara komai a kai.

Haka kuma ba a tsayawa a kan yaro ana kallon takardarsa ana girgiza kai. Ba a cewa "duba lamba sha biyu da kyau". Ba a yin gyaran murya ko ƙwanƙwasa benci. Yara sun fi mu iya karanta waɗannan alamomin. Ko da ka ga kuskure a cikin tambayar kanta, misali babu amsar daidai a cikin zaɓin, kar ka gyara da kanka a allo, kira sufabaiza, in babu umarni daga hukuma a bar ta yadda take a rubuta a rahoto, masu makin su za su san yadda za su yi da ita ga kowa da kowa.

Abin da aka yarda ka yi: ka ba da fensir in na yaro ya karye, ka canza masa takardar da ba ta fito ba, ka tuna wa ɗaki gaba ɗaya, ba yaro ɗaya ba, cewa su riƙa duba lambar tambaya ta yi daidai da lambar layin amsa.

Tsaro kuma da ƙafa ake yinsa da ido. Ɗaya na zagayawa a hankali ɗaya na tsaye a baya inda yake ganin kowa su ba sa ganinsa. Ba makin littattafai, ba hira a bakin ƙofa da malamin ɗaya ajin, ba cin gyaɗa. Ana cikin yi a zaga da takardar sa hannu kowane yaro ya sa, wanda bai zo ba a rubuta bai zo ba a gaban lambarsa, kar a bar gurbin fari don gurbin da aka bari fari shi ake cikewa daga baya. Mai son fita banɗaki a raka shi, ɗaya bayan ɗaya, takardarsa a kife a kan benci, kuma ba a ƙara masa lokaci. Wanda ya makara a bi abin da ƙa'idar hukumar ta ce, in an bar shi ya shiga to tare da kowa zai tashi. Iyaye da masu gidan makaranta da malaman lesin duk a bayan get, har shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a gaishe shi da girmamawa a ce Alhaji a yi haƙuri sai an tashi.

In yaro ya kamu da rashin lafiya, zazzaɓi ko amai ko haɓo, a fitar da shi a kula da shi, a rubuta lokacin da ya fita da lokacin da ya dawo. In hadari ya taso ɗaki ya yi duhu ko ruwa ya fara shigowa har dole a tsaya, kowa ya kife takarda ya ajiye fensir, a rubuta minti nawa aka tsaya, in an dawo a mayar musu da daidai wannan mintocin, kuma a hana su magana a tsakani, wanda shi ne mai wuyar.

Yara masu buƙata ta musamman, wanda ba ya gani sosai, ko kurma, ko wanda hannunsa ke da matsala, maganarsu tun lokacin rajista ake kai ta ga hukuma don a tanadi abin da ya dace, ko manyan haruffa ko ƙarin lokaci ko mai karanta masa. Ba ranar jarabawa mai tsaro zai yanke da kansa ba. Amma zaunar da mai raunin ido ko ji a gaba inda haske yake, wannan ba ya buƙatar izinin kowa.

In ka kama yaro da satar amsa, kar ka daka masa tsawa ka tayar da hankalin ɗaki, kuma kar ka doke shi ko ka yaga takardarsa. Karɓe abin da ka gani a hannunsa, kira sufabaiza, a rubuta abin da ya faru da lokaci, a cike fom in akwai, a haɗa da shaidar, yawanci ana barinsa ya ƙarasa, hukunci na hukuma ne. Kuma mu sani doka ta fi tsananta wa babba a kan yaro. Dokar magudin jarabawa ta 1999 ta ambaci shugaban makaranta da malami da mai tsaro da sufabaiza, kuma hukuncin da ta tanadar musu ɗauri ne ba zaɓin tara. Ko ba a kai ga kotu ba, ana iya soke sakamakon cibiya gaba ɗaya, yaran da ba su ji ba ba su gani ba su tafi a ciki. Mu a jihar nan ma ai mun ga yadda sakamakon gwaji ke iya zama, a 2017 lokacin gwamna Nasir El-Rufai da aka yi wa malaman firamare gwaji aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aikinsu ya tafi. Ko me mutum yake gani game da wancan lamarin, ya nuna cewa takardar da aka cike cikin awa ɗaya tana iya yanke wa mutum hukunci, to haka take ga yaron da ke gabanka.

Wani nau'in gwajin daban

Akwai gwajin karatu na ƙananan aji, irin EGRA, wanda ba a ɗaki ake zaunar da yara duka ba, ɗaya bayan ɗaya ake kiransu, yaro ya karanta haruffa ko kalmomi ko ɗan gajeren labari da baki cikin daƙiƙa 60, mai gwaji na bi yana alama a inda ya kuskure. A nan ma dokar ɗaya ce. In ya tsaya kamar daƙiƙa uku a kan kalma ka nuna masa ta gaba ka ce ci gaba, ba ka gyara masa, ba ka ce "yauwa" in ya yi daidai ka yi shiru in ya kuskure. A zauna nesa da sauran yara don kar su ji su haddace, kuma wanda aka gama da shi kar ya koma cikin waɗanda ba a kira ba. Babban abin da hedimasta zai kiyaye shi ne zaɓen yara, in an ce a ɗauko su ta hanyar ƙuri'a ko ta tsallake-tsallake a rajista to haka za a yi, kar a tura masu ƙoƙarin aji a ɓoye sauran a ce ba su zo ba. In ka yi haka rahoto zai nuna makarantarka ba ta da matsala, kuma littattafai da horon da za a kawo sai su tafi wata makarantar.

Tashi

Sanar da yara in saura minti goma, sannan in saura biyar. Lokaci na cika ka ce kowa ya ajiye fensir, kuma kowa ke nan, har yarinyar nan ta layin gaba da saura mata layi uku tana roƙonka da Allah da Annabi. Kowa ya zauna a inda yake, ku ku bi ku karɓa bi da bi yadda lambobi suke, kar ka ce su kawo da kansu don a wannan turmutsitsin ne ake musanya takarda ko wata ta faɗi ƙarƙashin benci. Ƙirga takardun amsa, adadinsu ya yi daidai da adadin waɗanda suka sa hannu, abokin aikinka ya sake ƙirgawa, in ba su yi daidai ba ba wanda zai fita sai an gano. Kar a naɗe takardar da na'ura za ta karanta, kar a huda ta da sitefula, kar a ɗaure ta da roba har ta lanƙwashe, kuma a nisanta ta da ruwan leda da hannun da ya taɓa mai.

A sa su a ambulan tare da takardar sa hannu da rahoton duk abin da ya faru, a liƙe a ɗakin a gaban shaidu, a sa hannu a kan bakin liƙin, a rubuta adadi a baya. Ragowar takardun da ba a yi amfani da su ba su ma a ƙirga su a mayar in haka ƙa'ida ta ce. Daga ɗakin jarabawa kai tsaye sai inda aka ce a kai, a ranar, ba a biyawa ofishin hedimasta "a ɗan duba", ba a kwana da su a gida ko a but ɗin mota. Wanda ya karɓa ya sa maka hannu ya rubuta lokaci, kai ma ka riƙe kwafinka, ka ajiye shi a fayil har sai sakamako ya fito.